Yadda Ake Gwada Jurewar Audugar OGM ga Maganin Haki a Gona

Iri da maganin feshi ba su san kan iyaka ba. Abin da ya shiga kasuwar Kano ko Daura, ba a jimawa za ka ji labarinsa a Magarya da Matamaye da Kance, daga nan ya iso Damagaram. Cikin labaran da ke yawo har da na audugar da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, wadda malaman gona ke kira OGM, wai kana fesa mata maganin haki daga sama, ciyawa ta mutu ita ta tsaya cak. Akwai irin wannan auduga da gaske. Sai dai ba kowace audugar OGM ce haka ba, kuma ido ba ya rabe guryar mai jurewa da wadda ba ta jurewa. Gwaji a ƙaramin fili ne kaɗai ke raba gardama. Na tsara wannan bayani ne domin malaman gona, da ɗaliban aikin noma, da shugabannin ƙungiyoyin manoma waɗanda za a iya kira su kama aikin gwaji irin wannan.

Ka fara sanin wace auduga ce a hannunka

Audugar OGM da ta fi yaɗuwa a Afirka ita ce mai suna Bt. An sa mata wani sinadari ne da ke kashe tsutsar da ke huda ƙwallo, ba ruwanta da maganin haki. Ita Burkina Faso ta noma daga 2008 har ta bari a 2016, ita Sudan ta fara nomawa a 2012, ita kuma Najeriya ta amince da ita a 2018, iri biyu da kamfanin Mahyco ya fitar tare da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya. Ka fesa wa audugar Bt zalla maganin haki irin gilifosat, za ta mutu kamar kowace auduga. Wannan shi ne kuskuren da ya fi tsada, don haka na sa shi a gaba.

Mai jure maganin haki daban ce, ita ma kala-kala ce. Wadda ke jure gilifosat ta shiga gonakin Amurka a 1997 da sunan Roundup Ready. Gilifosat yana toshe wani sinadari mai suna EPSPS a jikin tsiro, wanda sai da shi tsiro ke haɗa wasu abubuwan gina jikinsa. Abin da aka yi shi ne an ɗauko wani nau'in wannan sinadari daga ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa, wanda maganin ba ya iya toshewa, aka sa wa audugar. Akwai kuma mai jure gulufosinat, wadda ta fito a 2004 da sunan LibertyLink. Ita jikinta lalata maganin yake yi kafin ya yi mata illa. Wadda aka yi don gilifosat kaɗai, gulufosinat zai ƙone ta, haka ma akasin haka. Kowane iri da maganinsa.

Ko cikin masu jure gilifosat ɗin akwai tsohon zubi da sabo. Tsohon zubi ana fesa masa daga sama ne kawai har ya kai ganye huɗu na gaskiya. In an wuce nan, ganyen ba zai nuna komai ba, amma garin furen zai lalace, ƙwallo ya riƙa zubewa. Sai a 2006 aka fito da Roundup Ready Flex mai jurewa har bayan fure. Riƙe wannan, domin shi ya sa za mu saka feshi na biyu cikin tsarin gwajin.

Mataki na farko: takarda kafin hauya

Nijar tana cikin yarjejeniyar Kartahena kan kariya daga haɗarin halittun da aka sauya, kuma a 2019 ta kafa dokarta a kan wannan fanni. Ma'ana, ba wanda zai shigo da irin OGM ko ya shuka shi don ra'ayin kansa, ko da a bayan ɗaki ne. Izini yana bi ta ma'aikatar muhalli, gwajin kuma ana yin sa ne ƙarƙashin masu bincike, irin su cibiyar binciken noma ta Nijar, wato INRAN, ko jami'a. Idan wani ya kawo maka gurya a leda ya ce mai jure magani ce, kada ka shuka, kada ka raba wa maƙwabta. Kai ta wurin malamin gona na gundumarku ko ofishin kare tsirrai na jiha.

Takardar izini ce za ta faɗi tazarar da za a bari tsakanin filin gwaji da kowace gonar auduga, da yadda za a yi da amfanin da aka girbe. Abin da ta ce shi ne doka, ko da ya fi abin da na rubuta nan tsanani. Maganin da za a yi aiki da shi ma ya zama wanda kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel, wato CSP na ƙungiyar CILSS, ya yi wa rajista, da lambarsa a jikin kwalba. Maganin haki mai suna farakwat, wanda ake samu a kasuwannin kan iyaka, haramtacce ne a ƙasashen CILSS, kuma babu audugar da aka yi don ta jure shi.

Wanda yake son ya koyi hannu kafin izini ya fito, duk tsarin nan yana yiwuwa da audugar gida da maganin da ake fesawa bayan shuka kafin tsiro, irin fandimetalin.

Mataki na biyu: gwajin leda

Kafin ka ɓata damina guda, ka ɓata mako huɗu. Samo ledar dashen itace, ka cika da ƙasar gona mai ɗan taki. Shuka gurya 100 ta irin da ake gwadawa, da 20 ta audugar gida da ka tabbatar ba OGM ba ce. Ajiye su a wuri mai shinge inda akuya ba ta kaiwa. Idan sun wuce kunne biyu sun fitar da ganye ɗaya ko biyu na gaskiya, ƙirga waɗanda suka tsiro ka rubuta, sannan ka fesa musu duka maganin a ma'aunin da ke jikin kwalba.

Bayan kwana 14 ka sake ƙirgawa. Audugar gida ya kamata ta mutu kaf. Irin kirki kuwa kusan dukansa zai rayu. Idan ka ga kamar uku cikin huɗu sun rayu ɗaya ya mutu, alama ce guryar ba daga kamfani ta fito ba, wani ne ya noma irin aure ya ajiye ƴaƴansa, halin ya rarrabu a tsakaninsu. Irin wannan in ka kai shi gona ka fesa, kashi ɗaya cikin huɗu na shukarka ya tafi. Idan duk sun mutu, magana ta ƙare tun a leda.

Masu bincike suna da wani ɗan tsinken takarda da ake tsomawa cikin ruwan ganyen da aka murtsuke, layi ya fito cikin ƴan mintoci, kamar na gwajin zazzaɓin cizon sauro a asibiti. Akwai na gilifosat, akwai na Bt, kowane daban. Yana da amfani ƙwarai, amma abin da yake faɗa shi ne sinadarin yana nan. Ba ya faɗa maka yadda audugar za ta yi a zafin Damagaram da ƙasarta.

Mataki na uku: zaɓen fili

Damina a nan gajera ce, wata uku zuwa huɗu, auduga kuwa tana son biyar zuwa shida kafin a gama tsinka. Saboda haka jigawar arewacin jihar Damagaram ba wurin wannan aiki ba ce. Nemi kudu, wajen Magarya ko kwarin Korama, a garka mai rijiya inda za a iya ƙara ban-ruwa idan sama ta ɗauke a watan Satumba. Audugar da ƙishirwa ta kama takan zubar da ƙwallo, sai ka ɗora wa magani laifin da ba nasa ba.

Filin ya zama bai ɗaya gwargwadon hali. Kauce wa gindin gawo, da tsohon suri, da inda shanu suka taɓa kwana, domin ƙasar wuraren nan ta fi ta kewaye ƙarfi, fangalin da ya faɗa kai zai yi kyau ko da me aka fesa masa. Kauce wa inda ruwa ke kwanciya. Tambayi mai garka abin da aka fesa a wurin bara. Zagaya unguwar kuma ka duba ko akwai tsohuwar auduga a bayan gidaje ko bakin shinge, wadda tsofaffi ke bari don kaɗi. Auduga galibi kanta take yi wa barbara, amma zuma da sauran ƙwari suna ɗaukar garin fure daga wannan zuwa waccan. Kuɓewa da rama da yakuwa danginta ne, amma ba sa barbara da ita, kada su tayar maka da hankali.

Shinge dole ne, mai ƙofa ɗaya da kwaɗo, da littafin da ake rubuta duk wanda ya shiga.

Mataki na huɗu: tsara fangali

Nan ne gwaji yake zama gwaji ko ya zama wasa. Za a yi kashi shida, kowanne da harafinsa:

A. Irin OGM, ba feshi, noma da hauya. Shi ne babban shaida.
B. Irin OGM, feshi a ma'aunin kwalba lokacin ganye huɗu.
C. Irin OGM, feshi ninki biyu lokacin ganye huɗu.
D. Irin OGM, feshi a ganye huɗu, a sake a ganye takwas zuwa goma, lokacin da ƙullin fure ya fara fitowa.
E. Audugar gida, feshi a ma'aunin kwalba lokacin ganye huɗu.
F. Audugar gida, ba feshi, noma da hauya.

Me ya sa ninki biyu? Domin a gonar manomi haka ke faruwa kullum. Mai feshi ya juyo a ƙarshen layi ya sake bi ta inda ya wuce, ko ya tsaya gyara takalmi famfo na zuba, ko ya ƙara murfi guda don ya tabbata. Irin da ba ya jure ninki biyu ba zai yi rai a hannun jama'a ba. Kashi na E kuwa mutuwa aka shuka shi ya yi. Shi ne shaidar cewa maganin na gaske ne kuma ya kama.

Kowane fangali layi huɗu, tsawon mita 5, tsakanin layi da layi santimita 80, tsakanin rami da rami santimita 30. Faɗinsa ya zama mita 3.2, girmansa murabba'in mita 16. Bar hanya ta mita 2 tsakanin fangali da fangali. Fangali shida a jere su ne sahu guda, za a yi sahu huɗu, jimla fangali 24, abin da zai ci wajen mita 30 a faɗi da 26 a tsawo. Kewaye duka da layukan audugar gida don su tare garin fure, su ma a ƙarshe tare za a ƙone su.

Idan filin yana da gangara, kowane sahu ya kwanta a gicciye, yadda fangali shidan da ke cikinsa za su zama a tsayi ɗaya. Kada ka jera A, B, C a kowane sahu bi da bi, kada kuma ka zaɓa da idonka, domin zuciya tana son kai irin da take so wuri mai kyau. Rubuta haruffan a ƴan takardu, zuba a hula, a sa yaro ya ɗebo ɗaya-ɗaya. Kowane sahu da ƙuri'arsa. Zana taswirar a littafi, ka ɗauki hotonta a waya, don turaku da alluna sukan ɓace, iska ko yara.

Mataki na biyar: shuka da kulawa

A shuka duka rana ɗaya, bayan ruwa mai kyau, gurya uku a rami, zurfin gaɓar yatsa biyu. Bayan mako biyu a cire a bar biyu. Guryar da ta rage a ƙirga ta ko a auna, a mayar ma'aji a kulle. Taki a auna shi fangali-fangali, ba a watsa da ka ba. Ruwa ma haka.

Abu biyu ne mutane ke yawan mantawa. Na farko, duk fangali 24 za a riƙa nome su da hauya su zauna fes, har waɗanda ake fesawa. Tambayar da muke yi ita ce ko auduga tana jure magani, ba ko magani yana kashe haki ba. Idan ka bar ciyawa a wani fangali, ba za ka san ko magani ne ya rage amfani ko ƙarangiya da harkiya ne suka shanye taki ba. Na biyu, maganin ƙwari a fesa wa kowa daidai. Yawancin irin da ke jure maganin haki yana ɗauke da Bt a haɗe, in ka bar tsutsa ta ci audugar gida, ka auna abin da ba shi ka zo aunawa ba. Famfon maganin ƙwari kuma daban da na maganin haki.

Mataki na shida: auna famfo

Famfon goyo mai lita 15 ko 16 ya isa, amma ya zama sabo ko wanda ka san tarihinsa. Auduga ba ta ga maciji da 2,4-D, maganin da ake fesa wa shinkafa da masara. Ɗan abin da ya maƙale a tiyo ya isa ya sa ganyenta ya tsuke ya yi tsawo ya murɗe, ka zauna kana zargin gilifosat. Kan famfon ya zama mai fesawa a baje, ba mai zagaye na maganin ƙwari ba.

Auna fili mita 10 a kan mita 10 a gefe. Zuba ruwa zalla lita 5 a famfo. Wanda zai yi feshin ranar gwaji shi zai yi wannan, da tafiyarsa ta kullum, kan famfo kamar santimita 50 daga ƙasa, hannu yana bugawa bai ɗaya. Idan ya gama, juye ragowar ka auna. A yi sau uku a ɗauki tsakaici.

Ga misalin lissafi. A ce ya ci lita 2 a wannan murabba'in mita 100. Hekta murabba'in mita 10,000 ce, ke nan lita 200 a hekta. A ce kuma kwalba ta ce lita 3 na magani a hekta. Raba mililita 3,000 gida 200, ka samu mililita 15 a kowace litar ruwa. Ranar feshin farko fangali 12 ne za su sha ma'aunin kwalba, wato B da D da E, murabba'in mita 192, wanda zai ci ruwa kusan lita 4. Haɗa lita 5 da mililita 75 don kada famfo ya shaƙi iska a fangalin ƙarshe. Na ninki biyu fangali huɗu ne, haɗa lita 3 da mililita 90. Waɗannan alƙaluma misali ne, naka su fito daga kwalbarka da ƙafar mai feshinka, domin ƙarfin gilifosat ya bambanta, wani giram 360 ne a lita, wani 480. A auna da sirinji. Murfin kwalba da gwangwanin tumatir ba ma'auni ba ne.

Ruwan haɗi yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, musamman a ƙasarmu. Gilifosat yana manne wa laka, don haka ruwan tafki mai jirwaye yana kashe masa ƙarfi tun a cikin famfo. Ruwan rijiya mai kanwa ko mai gartsi, wanda ba ya kumfa da sabulu, shi ma yana rage shi. Nemi ruwa garai, na famfo ko na sama da aka tara a mazubi mai tsabta.

Mataki na bakwai: ranar feshi

Ƙirga ganye a tsirrai goma-goma, ban da kunne biyun farko. Idan yawancinsu sun kai huɗu, lokaci ya yi, galibi mako uku zuwa huɗu bayan tsiro. Fita da safe bayan raɓa ta bushe, kafin iska ta tashi. Idan hadari ya haɗu a gabas, a ɗaga zuwa gobe, don maganin yana son awa shida ba ruwa. Kada a fesa wa audugar da ta yi yaushi.

Mutum biyu su riƙe leda mai faɗi ko buhunan da aka ɗinke a gefen da iska ke bi, su riƙa tafiya tare da mai feshi. Ɗigo kaɗan a kan fangalin F ya isa ya ɓata maka shaida. A fara da ma'aunin kwalba, a ƙare da ninki biyu. Mutum ɗaya ya tsaya da taswira yana kiran lambar fangali, wannan shi ne aikinsa kaɗai. Rubuta lokaci, da yanayin iska, da ragowar ruwan da ya saura a famfo, don ta nan za ka gane ko an zuba abin da aka lissafa.

Doguwar riga, wando, takalmin roba, safar hannu ta roba da abin rufe hanci da baki. Rawani ba ya tare magani, jiƙewa yake ya riƙe shi a fuska. Ba ci, ba goro, ba taba sai an yi wanka da sabulu. A ɗauraye kwalba sau uku a huda ta, kada ta koma gida ta zama ta man gyaɗa. Feshi na biyu, na fangalin D kaɗai, haka za a yi shi idan lokacinsa ya zo.

Mataki na takwas: kallo da rubutu

Gilifosat ba ya gaggawa. Kwana biyu ko uku ba za ka ga komai ba, sannan kan tsiron ya fara yin rawaya, cikin mako biyu ya bushe. Gulufosinat ya fi sauri, cikin kwana biyu zuwa biyar ganyen da ya taɓa ya ƙone. Duba a kwana 7, 14 da 28 bayan kowane feshi, in gulufosinat ne ka ƙara da kwana 3.

Kowane fangali a ba shi maki daga 0 zuwa 100, inda 0 ke nufin daidai yake da A na sahunsa, 100 kuma ya mutu. Mutum biyu su ba da maki kowa shi kaɗai, kuma ya fi kyau su kasance ba su san abin da aka fesa wa kowane fangali ba. Layi biyun tsakiya kaɗai ake dubawa, na gefe masu gadi ne. Ɗaura zare a tsirrai goma cikin kowane fangali, su za a riƙa auna tsayinsu duk mako biyu. Ƙirga tsirran da ke raye kafin feshi da bayansa. Rubuta ranar da rabin tsirran suka yi furen farko.

Ga inda mai haƙuri yake fin mai gaggawa. Ganye yana iya yin kore shar a fangalin D alhali ɓarna tana cikin fure. Da hantsi, lokacin da furen ya buɗe fari tas, shafa cikinsa da yatsa. Lafiyayyen fure zai bar maka gari a yatsa, wanda magani ya taɓa zai bar kaɗan ko babu. Daga baya ka bi rassan da ke ɗaukar ƴaƴa a tsirran nan goma, daga ƙasa zuwa sama, ka duba gurbin farko na kowane reshe, wanda ya fi kusa da kara. Akwai ƙwallo ko tabo ne kawai? Ƙwallon gurbin farko su ne suka fi nauyi kuma suka fi saurin nuna. Audugar da ta zubar da su takan yi ƙoƙarin ramawa a sama, amma ramuwar tana son ƙarin makonni na ruwa da ɗumi, abin da daminarmu ba ta bayarwa. Ka lura kuma da ƙwallo mai lanƙwasasshen baki, alamar barbara ba ta cika a gefe ɗaya ba.

Tun da kana wurin, ware ɗan fili a gefe da ba a nomewa, ka fesa masa ma'aunin kwalba, ka rubuta hakin da ya mutu da wanda ya tsira. Balasa ta saba tsallake gilifosat, jiji kuma yakan sake tohowa daga ƙasa. A jihar Jojiya ta Amurka, bayan shekaru ana fesa gilifosat shi kaɗai a gonakin auduga, a 2005 aka tabbatar wani dangin alayyafo ya daina jin maganin, har manoma suka koma biyan ƴan ƙwadago su cire da hannu. Mai tunanin wannan iri zai raba shi da hauya har abada ya san da haka.

Mataki na tara: tsinka, awo da karanta sakamako

A tsinke layi biyun tsakiya, kowane fangali da buhunsa da lambarsa ciki da waje, buhun yadi ko na algarara, ban da na leda mai zubar da zare. Tsinka biyu ko uku, kowanne a auna shi daban, don nauyin tsinkar farko shi ke nuna wanda ya yi jinkiri. Layi biyu na mita 5 murabba'in mita 8 ne, sai ka ninka kilon da ka samu sau 1,250 ka samu na hekta. Kilo 1.2 ya zama kilo 1,500.

A ɗebi samfuri daga kowane fangali a gurza, a auna nauyin auduga da na gurya, a aika a gwada tsawon sili. Kada a raina wannan. Abin da ya sa Burkina Faso ta bar audugar Bt ba tsutsa ba ce, silin ne ya gajarce, darajar audugarta ta faɗi a kasuwar duniya.

Wajen karatu, fara da E. Idan audugar gida da aka fesa ba ta mutu ba, maganin jabu ne, ko ya lalace, ko ruwan haɗi ya kashe shi, ko sama ta wanke shi. Duk sauran alƙaluman ba su da amfani, sai a sake. Idan E ta mutu, kwatanta B da C da D kowanne da A, ba da F ba, domin A ne iri ɗaya da su. B daidai da A, C ta ɗan yi rawaya a kwana 7 ta warware kafin 28 ba tare da amfani ya ragu ba, wannan jurewa ce mai kyau. Tsirrai jefi-jefi sun mutu a B sauran lafiya, iri ne gauraye. B da C lafiya amma D ta zubar da ƙwallo, tsohon zubi ne, feshinsa ya tsaya a ganye huɗu. Kwatanta A da F kuwa wata tambaya ce daban, ko irin kansa ya dace da ƙasar nan.

Kada ka tsaya a tsakaici kaɗai, dubi alƙaluma huɗun kowane kashi. Idan fangali huɗun A sun ba da 1.0, 1.4, 1.1 da 1.3, tsakaicin B kuma ya zo 1.15, ba ka da hujjar cewa magani ya rage komai, domin bambancin da ke tsakanin A da A ya fi wannan. Miƙa littafin ga mai ilimin ƙididdiga a cibiyar bincike ya tace. Damina ɗaya a garka ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, a maimaita a wata shekara da wani wuri.

Mataki na goma: share fili

Ko ƙwaya ɗaya ba ta fita. Guryar gwaji ba ta zuwa wurin masu tatsar mai, ba a ba shanu, ba a ba ma'aikaci ladan aiki. Bayan an gama awo, a tara auduga da gurya da karare da layukan kewaye a ƙone a cikin shingen, gaban wakilin hukumar da ta ba da izini, a rubuta a sa hannu. A kakkaɓe buhuna da takalma da aljihun masu tsinka kafin su fita ƙofa.

Damina mai zuwa kada a shuka auduga a wurin. A sa hatsi ko gyaɗa, inda gyauron auduga zai fito fili a gan shi. A riƙa zagayawa duk mako biyu daga ruwan farko har tsawon lokacin da takardar izini ta ɗiba, duk tsiron da aka gani a tumɓuke shi da hannu kafin ya yi fure, a ƙone, a rubuta rana da adadi. Kada wani ya ce zai fesa masa gilifosat ya huta, wannan gyauron ba ya jin sa.